Ƙoƙon Ruwa a Ƙirjin Nababa

A zamanin da fatake ke sauke goron Gwanja a kasuwannin arewacin Kano, an yi wani manomi a wani ƙauye kusa da Ɗanbatta, ana ce masa Nababa. Garma ba ta taɓa gagararsa ba. Zuciyarsa ce ta gagare shi: tana cikin bugawa daidai sai ta yi tuntuɓe, ta yi shiru, sannan ta zabura kamar akuyar da ta tsinke igiya. Sau biyu yana yanke jiki ya faɗi a tsakiyar gona.

Matarsa Asiya gwanar lugude ce, kunnenta ba ya yafe wa taɓaryar da ta saɓa. Ita ta fito da dabarar ƙoƙo. Kullum da safe sai ta sa shi ya kwanta rigingine a tabarma, ta ɗora ɗan ƙoƙon ruwa a ƙirjinsa, ta zuba ido. In ruwan ya yi rawa daidai, ya tafi gona. In ya rikice, ranar sai tufkar igiya a zaure.

"Maigida, daina riƙe numfashi. Ina ganinka."

"Ke, ni randa ce da kullum sai an ɗora mini ƙoƙo?"

"Ai randa ba ta gardama."

Shekara uku tana wannan fama. An sha rubutu, an sha saiwa, wanzami ya yi masa ƙaho har ya gaji. Ta dai lura ruwan ya fi haukacewa kashegarin kasuwa, sai ta ɗora laifin a kan tafiya da rana. Ana saura kwana biyar gayyar gonarsa, ta hau rumbu ɗebo gero, hannunta ya taɓo wani ƙunshin ganye mai danshi. Goro bakwai, jajaye.

Ta dire su a gabansa, ta dire garma kusa da su.

"Ashe ina ta gadin ƙofa, ɓarawon yana cikin rumbu! Zaɓi ɗaya. Ba zan bari a ɗauko mini kai a kan asabari ba."

"Goro fa abin mutunci ne. Aminina Badaru ke ba ni ranar kasuwa. In ce masa me?"

"Ka ce ya zo ya riƙe ƙoƙon."

Kwana huɗu bai ci goro ba. Ranar gayya makaɗa sun riga sun fara a ƙofar gida, ya zo da kansa ya kwanta, ta ɗora masa ƙoƙon. Ruwan ya yi ta rawa daidai, sai can ya yi tuntuɓe ɗaya. Asiya ta daɗe tana kallo.

"Kunya goma za ka nome," in ji ta. "Daga nan sai gindin tsamiya."

Goma sha shida ya yi. Tana bakin gona tana ƙirgawa tana sababi, har sai da Badaru ya fizge garmar daga hannunsa. Ya zauna a gindin tsamiyar yana haki, amma da ƙafarsa ya zo.

Goron kuwa a gabansa ta raba wa makaɗa, ɗaya bayan ɗaya, yana bin kowanne da ido.