Wanjiao da Rafin Kakanni

Yu Wanjiao ta zo tasharmu ta binciken daji a farkon wata damina, da digirin dakta sabo fil da takalmin roba da ya yi mata yawa. Ni na daɗe a ɗakin gwajin ruwa, ina karɓar kwalabe daga hannun masu shiga kurmi, ina gaya musu yawan lakar da ke ciki. Wanjiao kuwa 'yar ƙabilar Dai ce, daga ƙauyen da ke gindin tsaunin, kuma ita ce ta farko a ƙauyen da karatunta ya yi nisan da iyayenta suka daina tambayar yaushe za ta gama. A takardar neman aiki ta rubuta cewa burinta ta ceci kurmin kudancin lardinmu na Yunnan. Dukanmu mun rubuta haka a zamaninmu.

An ɗauke ta bisa sharaɗin da ake ɗaukar sababbi yanzu: shekara shida, ko ta fitar da sakamakon da babbar mujalla za ta buga a tabbatar mata da kujera, ko ta kama gabanta.

Shugaban sashenmu, Malam Kuang, ya ba ta rafuka biyu masu gangarowa daga kwari biyu da ke jere, na hagu da na dama. Aikin ba shi da wuyar faɗi. Za a yi ta auna ruwansu har a san halin kowanne, idan na hagu ya kawo kaza to na dama zai kawo kaza. Sannan a sare dajin ɗaya, a bar ɗayan a matsayin shaida. Duk bambancin da ya ɓullo daga baya, laifin sara ne. Na hagu wani kamfanin roba ya riga ya karɓi filinsa, ya ce ba da jimawa ba zai share. Na dama kuwa daga dajin kakannin ƙauyen su Wanjiao yake fitowa, inda ba a ɗaukar ko busasshen reshe. Malam Kuang ya ce duk ƙasar nan babu shaidar da ta kai wannan aminci, tunda matattu ne ke gadinta kuma ba sa neman albashi.

Matsalar ita ce sai an gina 'yar madatsa ta siminti a bakin rafin dama an kafa na'ura. Dattawan ƙauyen sun sha hana tashar, wannan ne ma ya sa, a ganina, takardar Wanjiao ta burge Malam Kuang fiye da ta sauran masu neman aikin. Ta je wurin Kawu Ai Long, yayan mahaifiyarta, wanda shi ke kula da al'amuran dajin. Aka yanka kaza, aka ajiye shinkafa mai danƙo da kyandir da giyar shinkafa. Ya yarda, amma ya nuna mata wani ƙaton ɓaure da ke sama da wurin madatsar ya ce nan ne iyaka. Tashar ta buɗe hanya daga titi zuwa bakin rafin don a kai siminti.

Daga nan rayuwarta ta koma bin ruwan sama. Mutane na gudu gida idan hadari ya taso, ita tana gudu daji. Ta kwashe ganyen da ya toshe bakin madatsa, ta cika kwalabe, ta sauke abin da na'ura ta tara, ta tsallaka ɗaya kwarin ta maimaita. Takan dawo da matsattsaku a ƙwauri, ta zauna bakin ƙofata tana ɓamɓare su da gishiri tana cin shinkafarta daga ganyen ayaba. Ban taɓa ganin kwalabe masu tsabta da cikakken rubutu kamar nata ba.

Sai farashin roba ya faɗi. Kamfanin ya ce a dakata. Shekara ta uku ta wuce, ta huɗu ta shigo, dajin hagu yana nan tsaye cike da tsuntsaye, Wanjiao tana kallonsa kamar mai kallon baƙon da ya ƙi tafiya. Da safe takan tsaya a baranda ta kasa kunne ko za ta ji kukan injin zarto. Teng, wanda ya riga ta zuwa kuma aka riga aka tabbatar da shi, ba ya barin ta ta wuce.

"Mai ceton daji, yau ma ba a sare ba? Sannu da haƙuri, ƙanwata."

"Yaya Teng, ka je ka ƙirga kwaɗinka," in ji ta. Shi masanin kwaɗi ne.

A wannan tsakanin ne rafin dama ya fara sauya hali. Da, ko an kwana ana ruwa, a hankali yake tasowa, garau kamar shayi marar ƙarfi. Yanzu sai ya taso da sauri, ja, ya janye da sauri. Na gaya mata lakar kwalaben dama tana ƙaruwa. Ta ce na'ura ce, aka sauya na'ura. Ta ce ko ƙasa ce ta zaftare a sama. Ta duba hotunan da ake ɗauka daga sararin samaniya, dajin kore shar, ba ko tabo. Na ce to ta hau ta duba mana. Ta ce za ta hau idan ƙafarta ta daina ciwo, daga baya ta ce idan damina ta wuce. Mace ce da za ta iya yi maka bayanin tafiyar ɗigon ruwa daga ganye zuwa teku, kuma ta sha gaya mana a wurin cin abinci cewa ba ta yarda da iskoki ba. Amma ba ta taɓa wuce ɓauren nan ba.

A shekara ta biyar roba ta yi tsada, injinan zarto suka iso. Kafin damina kwarin hagu ya zama jar ƙasa tsirara mai matakala. Wanjiao ta sayo mana gasasshen kifi, ta ci kaɗan ta tashi. Da ruwa ya sauka ta jera alkaluman rafukan biyu. Na hagu ya lalace kamar yadda ake fata. Na dama, wanda ya kamata ya tsaya yadda yake don a gwada da shi, ya riga ya yi rabin lalacewa tun kafin a taɓa ɗan'uwansa, ba kuma wanda zai iya cewa daga yaushe.

Teng ne ya hau, shi da ba kakansa a wurin. Ya dawo da yamma bai yi zolaya ba. Ya zube mata 'ya'yan wani tsiro da ake kira sharen a kan tebur, dangin citta ne da masu maganin gargajiya ke saye da tsada, mai son inuwa da bakin rafi. Ya ce daga bayan ɓauren har kusan kan tsauni an share ƙananan itatuwa da ciyawa an shuka shi, an bar manyan don inuwa. Shi ya sa daga sama ba a ganin komai.

Na raka ta wurin Kawu Ai Long. Muka same shi ƙarƙashin gidansa mai dogayen ƙafafu yana saƙa kwando. Bai yi musu ba.

"'Yar nan, ai ke kika fara," in ji shi. "Kin zuba siminti a ƙofar kakanni, kin kafa ƙarfe. Muka zuba ido damina guda mu ga abin da zai same ki. Ko mura ba ki yi ba. Har kumatu kika yi."

"Kawu, ni ban taɓa wuce ɓauren ba."

"Mun sani. Mu mun wuce. Kuma hanyarku ta yi kyau, babur na hawa da buhu biyu."

Ya ce ta tsaya ta ci abinci. Ta tsaya, don ba a ƙin abincin kawu.

Malam Kuang ya zuba mata shayi da hannunsa, abin da ba ya yi wa ƙananan ma'aikata, ya ce ilimi doguwar tafiya ce, kuma ko kuskure darasi ne. Suka fitar da wata 'yar maƙala a ƙaramar mujalla, sunansa a gaba. Da wa'adinta ya cika kwamiti ya yaba da ƙwazonta, ya yi mata fatan alheri.

Ta koma gidan iyayenta a rame, da akwatin littattafai da takalmin robar nan. Ƙauyen ya dube ta ya fahimci abin da ya fahimta. Matan da ke sayar da tohon gora mai tsami a kasuwa suka ce ashe kakanni ba mantawa suke yi ba, jinkiri ne kawai. Kawu Ai Long ya tara dattawa, aka yanka alade, aka toshe hanyar da gora daidai ɓauren. Gonakin sharen aka bar wa ciyawa, ba wanda ya koma ko don girbin ƙarshe. Abin da jami'an gandun daji ba su iya ba da allunan gargaɗi, korar Wanjiao ta yi shi a wata guda.

Yanzu tana aiki a rumfar sayen ruwan roba da ke bakin titi, ta kamfanin da ya sare kwarin hagu. Manoma kan ƙara ruwa a jarka don ta yi nauyi, ita ce ke ɗiban samfur ta faɗi nawa ne roba nawa ne ruwa. Sun ce ba a iya cutarta, kuma ba sa ƙaunarta saboda haka.

Rafin dama ya soma washewa. Malam Kuang ya ce wannan dama ce da ba a samu sau biyu, a ga yadda daji ke warkewa, ya kuma ɗauko wani saurayi daga arewa da sabon wa'adin shekara shida. Tsofaffin alkaluman Wanjiao ne tushen aikinsa.

Kwanakin baya na tsaya a rumfarta. Ta tambaye ni lakar rafin dama, na ce tana raguwa. Ta gyaɗa kai, ta ce in gaya wa sabon ya riƙa kwashe ganye daga bakin madatsa kafin ruwa, ba bayansa ba. Sannan ta juya ga manomin da ke gaban layi ta ce ya buɗe jarkarsa.