Sabar da Na Ƙwanƙwasa a Hotoro

Daga Gyadi-Gyadi har ƙarshen Hotoro ban san wanda ya kai ni iya zaɓen kaya ba. Kankana in na ƙwanƙwasa ta da bayan yatsa, sai ta gaya mini garinsu da wanda ya shuka ta. Ragon layya kuwa ido kawai muke haɗawa, in yana da tari sai ya sunkuyar da kai don kunya. Dillalan mota in suka hango ni tafe, da bakinsu suke fara tona aibun motar. Gado na yi wajen mahaifina, Allah ya jiƙansa, wanda ya bar mini doka guda: kada ka sayi komai a hannun mutumin da ba ka san ƙofar da za ka buga ba in abu ya lalace.

Shagon kwamfuta gare ni a Gyadi-Gyadi, buga takardu da fotokwafi, amma unguwa ta naɗa ni injiniya, ni kuma ban taɓa musawa ba. Shi ya sa da shugabar makarantar da 'ya'yana ke zuwa a Tarauni ta shiga damuwa, wajena ta zo. Madam muke ce mata, 'yar Filato ce, ta daɗe a Kano har ta fi ni sanin lungunan Tarauni. Makarantar da ke tsallaken titi ta fara nuna wa iyaye sakamakon jarrabawa ta waya, wasu iyayen kuma sun fara leƙa can. Ita kuwa ta miƙe a taron iyaye da malamai ta yi alkawarin cewa ranar ba da hutu kowa zai duba sakamakon ɗansa a wayarsa yana zaune a gida. In ta gaza, ta san zangon gaba azuzuwanta za su yi fili.

Wani mutum a Jos ya riga ya rubuta mata manhajar duba sakamakon. Saura inda za a ajiye ta, wato saba: kwamfutar haya a can wani wuri, wadda ba a kashewa, wai a gajimare take. Mai manhajar ya ce a dai zaɓi kamfani, shi zai ɗora daga can. Madam ta ce kamfanonin sun yi mata yawa. Na ce ta je ta yi barci har da minshari, magana ta zo gidanta.

Da na buɗe intanet sai na gane an kawo ni kasuwar da ba rumfa. Kamfani na farko ya ce shi ne mafi sauri a duniya. Na biyu ya ce shi ne mafi sauri a duniya. Na uku ma haka, sai ka rantse duniyar uku ce. Kowanne ya jera ƙwaƙwalwa kaza, rumbun ajiya kaza, ga tambaya wai a wace ƙasa nake son a ajiye mini, Turai ko Amurka, kamar ni ke da bizar zuwa dubawa. Na nemi masu kwatanta su, na tarar duk wanda ya yabi ɗaya a sama, a ƙasa kamasho yake jira. Dillali dai ko a gajimare dillali ne.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne rashin ciniki. Akwai wani ɗan akwati a gefen shafinsu wai a yi magana da su. Na yi sallama, na tambayi iyali da gajiya, sannan na taya. Kafin in ɗauke yatsa amsa ta fito, wai suna farin cikin taimaka mini, ga farashinsu. Na ce a duba, makaranta ce, akwai marayu. Suka sake yin farin cikin taimaka mini, farashi bai motsa ba. Ashe na'ura nake ta roƙo. Tun da uwata ta haife ni ba a taɓa hana ni ragi da fara'a irin wannan ba. Da na haƙura zan gwada ɗaya, katin bankina ya ce shi bai san dala ba, dala ma ba ta san shi ba. Maiɗakina ta ce har a cikin barcin rana ina cewa a rage.

Ana haka wani abokin cinikina ya ce ai akwai mai ba da hayar saba nan Hotoro. Na hau adaidaita sahu ban ko rufe shago da kyau ba. Na tarar da mutum mai jini a jika, da hula, da ofis mai sanyi. Ya ba ni hannu, ya sa aka kawo shayi. Na taya, ya ce albarka, na ƙara, ya yi tsaki irin na girmamawa ya sallama. Raina ya dawo jikina. Na ce a nuna mini sabar. Ya buɗe wani ɗaki, ga akwatin ƙarfe ya kai ƙirjina, fitilu na ƙyaftawa. Na matsa na ƙwanƙwasa shi da bayan yatsa. Sauti ya fito daram. Na tambayi wuta, ya nuna mini janareto a tsakar gida, ƙato kamar ɗan giwa.

Na wuce Tarauni na shaida wa Madam an gama. Ta tambaya ko ba gara manyan nan na waje ba. Na ce, "Madam, in na Turai ya mutu, wace ƙofa za ki buga? Wannan kuwa na san ƙofarsa, na san hularsa, har shayinsa na sha." Mai manhaja ya ɗora, muka gwada, sakamako na fitowa tun kafin a gama danna waya.

Ranar hutu da safe aka yi ruwa da iska, aka ɗauke wuta. Ina shago ina jiran godiya sai ga kiran Madam, wai sakamakon ba ya buɗewa. Na gwada a wayata, wani ɗan zobe ya yi ta juyawa kamar mai neman alƙibla. Na kira mai saba, wayarsa a kashe. Na ce mata kada ta damu, ai ranar irin wannan na tanadi ƙofa.

Ƙofar tana nan inda na bar ta, da kwaɗo kamar kan jariri. Na buga. Na buga da tafi, na buga da dutse, na buga har karnukan Ƙauyen Alu suka amsa. Maƙwabcinsa mai sayar da taya ya leƙo ya ce Alhajin ya tafi ɗaurin auren ƙanensa a ƙauye, da maƙullan a aljihu, kuma garin ba sabis. Ta kafar ƙyaure ina hango ɗan giwar yana hutawa, ruwa na ɗiga a bayansa.

Da na isa makaranta, iyayen da aka ce su zauna a gida duk sun zo, wayoyi a hannu. Malamai sun fito da tebura baranda suna kwafar sakamako da biro. A tsallaken titi shugaban waccan makarantar ya fito da kujera bakin get, wai iska yake sha, yana gaisawa da iyayen ɗalibanmu ɗaya bayan ɗaya. Na ga wata Hajiya ta tsallaka da 'ya'yanta. Maiɗakina na cikin layi, ta kalle ni ta kau da kai kamar ba ta taɓa ganina ba.

Madam ba ta ɗaga murya ba. Tana ta sa hannu a takardu ta tambaya ko na sami ƙofar. Na ce na samu. Ta tambaya ko na buga. Na nuna mata yatsuna da suka kumbura, na fara bayanin cewa akwatin kansa lafiyayye ne, kunnena bai taɓa yi mini ƙarya ba.

Ta ajiye biro ta ce, "Alhaji, ranar bikin yaye ɗalibai za mu buƙaci kankana, kai za mu aika. Amma don Allah ka sa a fasa ta a gabanka kafin ka biya."