A Bar Wa Nura Nasa

Murhun da na sani ina yarinya ba mai duwatsu uku ba ne. Wata hita ce ta gas a jikin bangon falonmu a unguwar Plumstead ta London, sai an murɗa ta sau uku tana ƙas-ƙas kafin ta kama. A gabanta Iya take shimfiɗa dardumarta, ta miƙe ƙafa da safa biyu-biyu, tana mitar wai wutar da ba hayaƙi ba toka ai ƙaryar wuta ce. Amma fa ka kuskura ka tare mata ita, yanzu ka sha ranƙwashi.

Iya ita ta haifi Babanmu. Aikin ido aka kawo ta a yi mata, da niyyar wata biyu, sai ga shi ta yi shekara uku. Ni sunanta na ci, shi ya sa ake kirana Ummi, ita kuwa takwara take ce mini. Ƙanena Nura, wanda na ba shekara huɗu, shi ne maigidanta, kullum suna faɗa wai ya aure ta ya kawo ta garin sanyi ko goro ba ya sayo mata.

Dokarta ɗaya ce. Ba a tatsuniya da rana, wanda ya yi ɓata zai yi. In kuwa ta kama dole, to sai an ƙulle bakin zane tukuna. Lokacin sanyi dokar ba ta dame mu ba, don kafin ƙarfe biyar duhu ya rufa. Mu dawo daga makaranta, a yi magariba, Umma ta shiga kicin tuƙa tuwo, mu kuma mu zagaye Iya. Ta sha faɗa cewa a duk abin da ta gani a ƙasar nan, wannan duhun da ke zuwa da wuri ne kaɗai ya burge ta.

"Ga wata nan ta taso," in ji ta.

Mu ce, "A buɗe mata ƙofa."

Iya ba ta ba da labari ita kaɗai, rabon aiki take yi. Kowa a gidan sai ya samu nasa. Bayan doguwar kujera shi ne kurmi, labulen taga ƙofar gari, Umma daga kicin ita ce mutanen gari, muciyarta ganga. In Baba ba ya aiki a asibiti ranar, shi ma ba ya tsira, sai ya zama maƙeri ko jaki.

Wadda muka fi so ita ce ta yarinyar da aka aika itace tare da ƙanenta. Yaron ya bi wata zabuwa cikin kurmi, ƙishirwa ta kama shi, ya sha ruwan wani tafki wanda duk wanda ya sha sai ya manta sunansa da hanyar gidansu. Yarinya ta dawo ita kaɗai. Kunya da tsoron bakin mutane suka sa ita da uwarta suka ce ai yaro ya tafi ƙauye wurin kawunsa. Kullum da asuba sai ta saci jiki ta je bakin kurmi tana kira, har muryarta ta dushe, ko tsuntsu bai amsa mata ba. Rannan wata tsohuwa mai tsince-tsince ta same ta tana kuka, ta ce mata kurmin nan kurma ne, ba ya jin murya ɗaya, sai gari ya taru. Yarinya ta ce ai in gari ya ji sun shiga uku da gori.

A nan Iya takan ƙanƙance ido, ta nuna ni da ɗan yatsa, ta ce, "Takwara, ranar wanka ba a ɓoyon cibi."

Yarinya ta bi gida-gida tana faɗin gaskiya. Wasu suka yi mata dariya, wasu suka ce sakaci ne, amma dai suka fito: maƙeri da gudumarsa, mata da taɓarensu, har da kuturun bakin kasuwa. Ta ba da waƙa, suka amsa.

Ni zan ce, "Ɗan'uwana, ina ka kwana?"

Umma ta buga muciya a tukunya, "Tuwo na jira, miya na jira."

Sai an yi sau uku, sannan Nura ya leƙo daga bayan kujera da Hausarsa ta ɗan London, ya ce, "Ku bar mini nawa, ina tafe!" Ya taho da gudu ya faɗa kan Iya, tana ihun ya karya ta. Ni a lokacin, wurin bin gida-gidan nan haushi yake ba ni, gani nake jan rai ne kawai. Darasin da na ɗauka bai wuce kada a bi zabuwa ba.

Da bazara ta zo aka samu matsala. Ƙarfe tara rana tana nan ƙememe, mu kuwa takwas ake kora mu barci. Iya ta ce ita ba ta taɓa ganin rana marar kunya irin ta garin nan ba, ta rufe baki ruf. Ko ƙullin zanen ta ƙi yi, ta ce ba a mai da larura abin kullum. Wata Asabar Nura ya yi ta kuka sai an yi masa, ni kuwa da rawar kan 'yar shekara goma na ja shi filin da ke bayan gidanmu, rana tsaka, na yi masa tatsuniyar daga farko har ƙarshe. Bakin zane ban ƙulla ba, wando ma ne a jikina. Iya ta jiyo mu ta taga, ta fito ba takalmi tana salati. Ban taɓa ganin ta tsorata haka ba.

Iya ta koma Kano, can ta rasu. Baba ma ya rasu bayan wasu shekaru. Nura kuwa yana shekara ta biyu a jami'a ciwon ƙwaƙwalwa ya same shi. Aka kwantar da shi, ya samu sauƙi, ya bar shan magani, ciwo ya dawo. Wata safiya ya ce zai je ya sayo madara. Yau shekara uku da wata biyar ke nan. 'Yan sanda sun taɓa samunsa sau ɗaya, suka ce yana raye, amma baligi ne, kuma ya ce kada a faɗi inda yake.

Umma ta ce kada kowa ya ji. Duk wanda ya tambaya, a masallaci ko wurin suna, Nura yana Manchester yana aiki. Ni ma na riƙa faɗa, har da ƙarin gishiri, wai aikin ne ba hutu. Ranakun da ba ni da aiki kuwa ina yawo ni kaɗai, Woolwich, ƙarƙashin gadoji, layin karɓar abinci kyauta, ina leƙa fuskar duk wanda ya lulluɓa da bargo. An zage ni, an tofa mini yawu. Kullum in dawo gida in tarar Umma ta zuba nasa tuwon a kula ta ajiye, da safe ta juye. Hawan jininta ya ƙi sauka. Wallahi na gaji, gajiyar da ko kuka ba na iya yi. Kuma ni da na yi karatun haɗa magunguna, na san camfi camfi ne, amma sau nawa na tsaya a tashar bas ina cewa da ma na ƙulla zanen nan.

Abin da ya hana ni zaucewa shi ne ƙungiyarmu ta wasan kwaikwayo. Ni da Saratu, wata 'yar Jos mai koyar da waƙa a cocinsu, muka kafa ta don yaranmu da ka yi musu Hausa su amsa da Turanci. Duk Asabar muna haɗuwa a wani zauren ƙaramar hukuma. Bana aka ce ni zan rubuta wasan taron iyaye. Mako biyar ina zama gaban takarda, ko layi ɗaya ya ƙi zuwa. Duk abin da na fara sai ya karkata ya koma bakin kurmin Iya. Rannan na daina gardama na rubuta shi a zama ɗaya, da na kai wurin tsohuwa mai tsince-tsince sai na ajiye biro. Shekara uku ke nan ina zuwa bakin kurmi ni kaɗai.

Saratu ta je kama mana wuri, ba a samu zauren ba sai daga ƙarfe biyu zuwa huɗu na rana, ga shi tsakiyar bazara. Na yi dariyar da ba ta daɗi ba.

Ana jibi wasa na faɗa wa Umma abin da nake shirin yi. Ta ajiye carbinta ta dube ni.

"Ummi, tona mana asiri za ki yi a bainar jama'a? Da wane ido zan dubi mutane?"

"Umma, shekara uku muna rufa asiri, Nura yana kwana a waje."

Ta ɗauki carbinta ta shige ɗaki. Washegari ma ko gaisuwata ba ta amsa ba. Na ɗauka ba za ta zo ba, sai ga ta a layin gaba, ta ja mayafi har goshi.

Kafin a ɗaga labule na ƙulle bakin zanena tamau. Yara suka yi ƙoƙari, Hausa tana tuntuɓe ana dariya, Saratu ta koya wa zauren amshi har da masu gemu suna tafi. Amma na riga na ja kunnen yaron da ya fito a matsayin wanda ya ɓata a kurmi cewa kada ya amsa. Aka yi waƙa sau ɗaya, sau biyu, sau uku. Shiru. Mutane suka fara waige-waige, suna zaton yaro ya manta.

Na fito da hoton Nura a hannu. Na ce ƙanena ba ya Manchester, bai taɓa zuwa ba. Na faɗi sunan ciwonsa, na faɗi ranar da ya fita. Na ce mun yi muku ƙarya don muna jin kunyarku, ni kuma muryata ta ƙare, ku taimake ni. Na ga masu ƙus-ƙus, na ga wata ta ja 'ya'yanta ta fice, kuma har yau akwai gidan da ba a ƙara gayyatarmu biki ba. Umma ta sunkuyar da kai, na ce shi ke nan, na kashe ta. Can sai na ji muryarta, ita kaɗai: "Tuwo na jira, miya na jira." Zauren ya ɗauka. Daga nan aka yi layi ana ɗaukar hoton da waya, direbobin bas, masu tasi, masu gadi, ma'aikatan jinya, da mutanen cocin su Saratu masu rabon abinci.

Ba zan ce abin ya zo da sauƙi ba. Wata biyu ana kirana, in bar aiki in ruga Barking ko wani wuri, in tarar ɗan wasu ne. Kowane kira sai ya ɗaga ni sama ya maka da ƙasa. Har na fara cewa na zubar mana da mutunci a banza.

Wata Talata da azahar Anti Rabi ta kira. 'Yar zangon Kumasi ce, tana da shagon kayan miya a Peckham, jikarta na cikin yaranmu. Hausarsu ba ruwanta da mace ko namiji. Ta ce, "Ummi, ka zo yanzu-yanzu." Ashe akwai wani mai gemu da ke zuwa duk Talata ya kwashe mata kwalaye ta ba shi abinci, ba ya magana, ita kuma ba ta taɓa haɗa shi da hoton ba saboda ramar da ya yi. Ranar tana jera doya tana 'yar waƙar wasanmu a bakinta, ta kai wurin miya na jira, sai ta ji daga bayanta an ce, "Ku bar mini nawa." Bai ko ɗago kai ba.

Kafin bas ta kai ni ya tafi. Na zauna kan buhun shinkafa na yi kukan shekara uku. Na tambayi Anti Rabi ko ya ƙarasa, ko ya ce yana tafe. Ta ce a'a, iyakar abin da ya faɗa ke nan.

Ina yarinya na ɗauka Iya tana raba mana aiki ne don kada mu yi gyangyaɗi. Yanzu nake ganin so take kowa a gidan ya san nasa layin, don ranar da ɗaya ya ɓata a samu masu kira, shi ma ya samu abin amsawa. Ban sani ba ko Nura zai dawo. Wata likita da muka tuntuɓa ta ce kada mu yi masa taron dangi, kada ya firgita ya canja wuri, don haka ina can nesa, tsallaken titi, ina kallonsa yana ɗaukar kwali. Ƙullin zanen nan ban kwance shi ba.

Duk Talata yanzu Umma tana tuƙa tuwo da safe, ta zuba a kula, wani direban bas ɗan unguwarmu ya miƙa wa Anti Rabi. Mako uku kular tana dawowa yadda ta tafi. Bai ce yana tafe ba tukuna. Amma Talatar da ta wuce, kular ta dawo a wanke.