Shekarar da Sallah ta riga ruwa isowa

Inna ta sha ƙafata ta hagu tun ban san dama da hagu ba. Da sanda na girma, doguwa, wadda nake riƙewa da hannu biyu, in naɗe shanyayyar ƙafar a jikinta in dogara. A ƙasa mai tauri ina zuwa duk inda mutane ke zuwa, sai dai in iso bayan an cinye tuwo. A ruwa kuwa labari dabam ne. Sana'ata fito ce a mashigar Diffa, a ƙarshen zamanin Faransa, lokacin garin bai wuce ƙauye ba. Nakan kwanta rub da ciki a kan babban goran duma, in tura masaki cike da kayan mutane har gaɓar can, in dawo da wani. Baƙon da ya fara ganina a cikin kogin Komadugu ba ya yarda ni gurgu ne sai na fito.

Abin da ya gagare ni shi ne rairayi. Komadugu ba ta zama da mu shekara duka. Takan iso daga yamma da damina, ta yi watanni, ta janye bayan ɗari, ta bar rairayi mai faɗi da zurfi. Ranar da ta ƙafe mutane hutawa suke yi: mata su tsallaka da tallansu a ka, jakai su wuce, ba mai neman ɗan fito. Ni kuwa ranar nan ake rufe mini hanya. Sandar ta nutse, in zare ta in faɗi, in tashi ta sake nutsewa. Watannin rani sai in zauna a gida ina ɗinkin ƙwarya da gyaran taru.

Abokaina biyu ne, dukansu sun girme ni nesa. Ɗaya Babarbare ne, manomin tattasai, gidansa na gaɓar can, ƙasar Ingilishi. Yaya nake ce masa. Ɗayan tsohon Bafillace ne da ƴaƴansa suka tafi da shanu arewa suka bar shi da bukka a bayan gidan Yaya. Hausa ce ta haɗa mu, kowa da irin tasa, kuma su biyun ba sa gaisawa sai da tsiya, yadda Fulani da Barebari suka gada. Tun da matata ta rasu, ɗana kuma ya tafi Yerwa ya yi shiru, a gidan Yaya nake Babbar Sallah. Ana saukowa daga idi in ɗaure rigata a ka, in hau gora in tsallaka. Ƙaramar Sallah tuni ta faɗa cikin rani, na haƙura da ita. Babbar ce ta rage mini, ita ma kowace shekara tana ja da baya, tana matsowa bakin damina.

Shekarar da nake magana, wata ya tsaya kogi na bushe ƙayau. Ranar kasuwa suka tako suka same ni a gindin tsamiyar da muke zama. Yaya ya fasa goro, ya ba Bafillace ƙaramin ɓarin da gangan.

"Hadari ya haɗu jiya wajen Geskeru," in ji Yaya. "Baƙi ƙirin. Sai iska ta zo ta kwashe shi."

"Hadarin Barebari ke nan," in ji Bafillace. "Baki da yawa, ba aiki."

"An ce ruwa ya wuce Gaidam," na ce.

"Wa ya ce?"

"Wani mai jaki."

"Mai jaki," Yaya ya girgiza kai. "Wancan makon ma mai jaki ne ya ce ya iso Maine."

Haka muka yi ta yi, daga iska sai kwaɗi, daga kwaɗi sai tururuwar da Bafillace ya gani tana kwashe ƙwai. Wanda ya ji mu zai ɗauka shuka ce ta dame mu. Ba wanda ya ce, "In ruwa bai zo ba, ina za ka yi Sallah?" Amma tambayar ke nan, kuma dukanmu mun sani. Na gaji da zancen hadari a ranar nan kamar ni nake ɗauke da shi.

Can sai Yaya ya nuna ƙafata da haɓa ya dubi Bafillace. "Ka ga aikin gwaggonka. Kowa ya san Inna Bafillata ce. Nono bai ishe ta ba sai ta haɗa da ƙafar ƴaƴan mutane."

"Da Babarbariya ce da ba ta bar ɗayar ba," in ji Bafillace. Muka yi dariya. Sannan ya ce, "Wai Sarkin ruwa, ka tuna ranar?" Sarkin ruwa suke kirana.

Ranar kam ban tuna ba. An ce zazzaɓi na yi, na tashi ƙafa ta ƙi tashi. Maganin na tuna. An zuba nono a gindin itace, an yi mini sakiya, tabon na nan. Da duk suka ƙi, wata tsohuwa ta ce wa uwata ta binne ƙafar a rairayin kogi da rana tsaka, zafi zai kore sanyin Inna. Uwata ta goya ni ta kai ni tsakiyar kogin nan, ta tona da hannunta, ta binne ni har ƙugu, ta zauna ta juya mini baya don kada ta ga fuskata. Ina ihu, kafaɗunta na rawa. Rani guda muka yi muna zuwa. Ban taɓa gaya wa kowa wannan ba sai ranar, kuma ban san abin da ya sa na faɗa ba. Wataƙila gajiya ce.

Yaya ya daina tauna goronsa. "Nawa ma mun binne shi haka," ya ce. "Ɗana na fari. Shi ba a ƙafa ta tsaya ba, har ƙirji ta hau." Ya tofar da goro. "Da ya rayu da yanzu yana nan yana yi mini taurin kai irin naka."

Daga nan ya shigo da zancen a kaikaice. Wai jakinsa na zaune ba aikin komai. Na ce masa ya san ƙuguna ba ya riƙe jaki, ya san yadda na faɗo a tsakiyar kasuwar Shetimari, yara suka bi ni da shewa. Ya ce to a ɗaure ni a kan takarkari. Na ce ni ba buhun tattasai ba ne. Ya ce ƴaƴansa ƙarti ne, su sa ni a gado su ɗauko.

"Yaya," na ce, "ɗauka a kafaɗa tana nan zuwa. A bari sai ranar da ba zan iya cewa a'a ba."

Bai sake tayar da zancen ba. Shi kuma ba zai iya barin gida ranar Sallah ba, maigida ne, shi ke yanka, shi ake zuwa gaisarwa. Bafillace kuma idanunsa sun soma duhu, sai da Yaya yake takowa. Suka tashi da la'asar. Na bi su da ido suna tsallaka rairayin a hankali, tsofaffi biyu, ɗaya riƙe da gefen rigar ɗaya, suna ta musu.

Ruwa bai zo ba. Jajibiri an yi yayyafi, ko ƙura bai kwantar ba. Da safe na tafi idi, na yi salla a ƙarshen sahu inda nake iya miƙe ƙafa. Da aka watse ban nufi gida ba, sai na ga ƙafata ta kai ni mashiga. Rigata sabuwar wanki, rana ta riga ta ɗaga. Na sa sanda a rairayi don in gwada, ko bana ya yi tauri. Ta nutse. Na matsa gaba kaɗan, na faɗi a kan hannuna, sai zafin nan ya taɓa ni, wanda na sani tun ina goye. Na ja jiki na koma gaɓa. Daga can ana jin ganga da algaita, hayaƙin babbaka na tashi daidai inda na san gidan Yaya yake. Mutane na wucewa ta gabana cikin kwalliya, kowa ya ce, "Barka da Sallah, ɗan fito, yau hutu ke nan," in ce, "Hutu ne."

Maƙwabta ba su manta da ni ba, kada in yi musu ƙarya. Kwanoni sun shigo har na rasa inda zan ajiye. Amma kwano ba ya hira. Na zauna a ƙofar ɗaki da nama iri-iri a gabana, na ci tsoka ɗaya, na rufe sauran. Gorana na rataye a rumfa, na shafa masa mai tun kafin wata ya tsaya. Ranar nan na ji kaɗaici, ba na matata ba, ba na ɗana ba, waɗanda na riga na saba da su. Wannan sabo ne, kuma na ji haushinsa.

Bayan kwanaki kaɗan, da hantsi, yara suka ɓarke da ihu daga yamma. Ruwa ya iso yadda ya saba, a hankali, da kumfa da karmami a gabansa, rairayi na shanye shi yana ƙara turowa. Na jira ya kai inda zai ɗauki gora. Sannan na ɗaure rigar Sallata a ka, ita ɗin dai, na shiga. Ban taɓa jin daɗin sanyin ruwa kamar ranar ba.

Na tarar da su a rumfa. "Wushe, wushe, Sarkin ruwa," Yaya ya gaishe ni da yarensu, kamar jiya muka rabu. Ya ƙwala kira cikin gida. Aka fito da cinyar rago guda, an yanyanka ta an shanya, ta bushe ta yi baƙi. Ya ce rabona ne, ya hana kowa taɓawa, har da wannan ɓarawon, ya nuna Bafillace. Aka gasa, aka daka tattasai da gishiri. Mu uku in aka haɗa haƙoranmu da ƙyar su cika baki ɗaya. Muka yi ta fama da naman nan har azahar.

Bafillace ne ya ɓata zaman, ba da nufi ba. Shi mutumin lissafin wata da taurari ne. Ya ce, "Baɗi ma haka za a yi. Sallah tana ja da baya, ruwa kuma yana nan a lokacinsa. Ta fita daga lokacin ruwa ke nan."

"Har yaushe?" na ce.

"Ina da ƙarfina na ga irin wannan. Sai ta ratsa bazara, ta ratsa rani, sannan ta tarar da wutsiyar ruwa a cikin ɗari. Shekara goma da ɗoriya." Ya juya naman a bakinsa. "Ba za mu gani ba."

Sai a lokacin na gane cewa Sallar bara, wadda na ci ban ko lura da ita ba, har na tafi da wuri don ana jirana a mashiga, ita ce ta ƙarshe. Na ajiye naman.

Yaya ya tura mini shi. "Ci," ya ce. "Wata na malamai ne, su bi shi. Mu a gidan nan rago ba ya ƙarewa sai ruwa ya zo."

Haka muka yi shekarun da suka rage musu. In yi Sallata ni kaɗai da kwanonin maƙwabta, in jira. Kowace shekara jiran na ƙara tsawo, naman na ƙara tauri, har ya zama sai an daka shi a turmi. Bafillace ne ya fara rasuwa. Yaya ya bi shi da bazara, kogi a bushe, kuma ban je jana'iza ba. Daga gaɓa na tsaya na ga an fito da shi.

Lissafin Bafillace bai kuskure ba. Sallah ta zagayo ta tarar da ruwa a cikin ɗari, ɗan siriri, don shekarun nan damina ta yi rowa. Na riga na bar fito, kafaɗuna sun gaji, amma na sauko da gora na shiga. Babban ɗan Yaya ya tarbe ni da murna, ya shimfiɗa mini tabarma a rumfar nan, ya kawo nama da zafinsa, na ragon da aka yanka da safen. Na sa a baki, ya narke ba sai na tauna ba.

"Baba, bai yi ba ne?" ya ce, da ya ga na tsaya.

"Ya yi," na ce. "Laushi ne ya yi mini yawa."