Rami na Goma Sha Bakwai

Shagon kwamfutar da nake riƙe da shi a Kalgo gadonsa na yi daga yayana, Allah ya jiƙansa. Ni ke kula da shi saboda marayunsa. Ya bar mana kwamfutoci goma sha huɗu, firinta biyu, da wani akwatin ƙarfe a saman kanta wanda duk wayoyin shagon ke taruwa a cikinsa, wato suwic. Wayoyin kuwa a cukurkuɗe suke kamar taliya. Shi kaɗai ya san inda kowace ta nufa, kuma ya tafi da saninsa.

Tsohon suwic ɗin nan ba ya tambaya. Duk wanda ya soka waya a raminsa zai samu intanet, ko ɗan gida ne ko baƙo. Matsalarsa rashin sauri. Lokacin rajistar ɗaliban jami'a shago kan cika maƙil, shafi ya tsaya yana juyi, ɗalibai suna tsaki, ni kuma ina zufa ina ba da haƙuri. Ni ba mai haƙuri ba ne, ko a gida an san ni da haka. Shekara guda bayan rasuwar yayana na je Birnin Kebbi na sayo sabo mai rami ashirin da huɗu, wanda gudunsa ya ninka na tsohon sau goma. Abin da ya fi burge ni shi ne ana shiga cikinsa ta kwamfuta. Daga kan kujerata ina ganin kowane rami da abin da yake ja, in na ga dama in rage masa, in na ga dama in rufe shi.

Na mayar da wayoyi ɗaya bayan ɗaya ina lanƙaya musu lamba. Goma sha shida na san masu su, ban da wadda ke kawo intanet ɗin, da na soka a rami na ƙarshe. Sai wata shuɗiya ta rage, ta hau bango ta shige silin. Na soka ta a rami na goma sha bakwai, nan take fitilarsa ta kama ƙyaftawa. Kwana uku ina kallonta. Da hantsi ta fara ja, da azahar ta huta, kafin magariba ta yi shiru. Raina ya ɓaci. Na ce lallai wani ya daɗe yana shan romonmu a ɓoye. Ban hau silin ba, ban tambayi kowa ba. Na danna sau biyu, fitila ta mutu.

Jikin shagonmu akwai wani ɗan ƙaramin shago na wani dattijo Bafillace, mutumin Gwandu, wanda duk layin muke kira Baffa. Tsohon mai buga tafireta ne da ya koyi kwamfuta da furfurarsa. Manoman Diggi da ƙauyukan kusa su ne mutanensa: ya cike musu fom, ya duba wa 'ya'yansu sakamakon jarrabawa, yana dannawa da yatsa biyu. Shi ya yi wa yayana wanka ranar da ya rasu.

Bayan la'asar mukan zauna a benci ƙofar shagonsa. Ranar nan na zo da kuri, baki har kunne. Na ba jama'a labarin sabon suwic, na ce na kama ɓarawon netwok, na toshe shi ko tashi daga kujera ban yi ba. Har na ƙara da cewa duk wanda ke cin haƙƙin marayu Allah ya isa. Aka yi dariya, aka yaba wayona. Baffa yana jan carbi, kansa a sunkuye.

"Allah shi kyauta," ya ce.

Daga nan shagonsa ya fara mutuwa a kan idona, ni kuwa ban gani ba. Manoma su zo, ya ce su shiga wajena. Har daɗi na ji, ina cewa tsufa ne ya kama shi. Kullum zai gaishe ni, ya tambayi iyali, bai taɓa canza fuska ba. Kafin damina ya sa kwaɗo a ƙofa ya koma Gwandu.

Ruwan farko ne ya tona ni. Rufinmu ya yi yoyo, kafinta ya ɓalle silin, sai ga shuɗiyar waya ta bi kan katako ta tsallaka bango zuwa shagon Baffa. A tsakiyarta an naɗa farin salatif, da rubutun yayana wanda ko a mafarki na san shi: na Baffa, kada a cire. Ya rubuta gargaɗinsa a inda ba mai gani, don kada a san yana taimakon dattijon. Na zauna a kan tsanin kafinta ina sake karanta rubutun. Magana zarar bunu ce, tawa kuwa a gaban mutum goma na zare ta.

Washegari na hau mota zuwa Gwandu. Na same shi a zaure kan buzu, ya rame, ya ce kwamfutar ma ya bayar da ita. Na durƙusa na fara rantsuwa cewa ban sani ba, na roƙe shi ya dawo, na ce ramin yana buɗe. Ya bari na gama tsaf.

"Ɗana, tashi. Ni ya kamata in zo gare ka," ya ce. "Yayanka ya ba ni, gaskiya na. Amma ran da yam mutu abin ya zama na magada, ni ko ban nemi izinin kowa ba, nic ci gaba da ja. Ban taɓa ba abin ga suna ba sai da kac ce sata. Da nik koma gida nid duba, sai nig ga ba ka yi ƙarya ba."

Na ce ba haka ba ne, wallahi ba haka ba ne. Ya girgiza kai. Kunya ce ta hana shi zuwa tun tuni, in ji shi, amma tunda Allah ya kawo ni, yana roƙo in yafe masa, in kuma nema masa yafiyar 'ya'yan marigayi. Na zo neman gafara, sai ga shi ni ake roƙo. Ya ƙi sakin hannuna har sai da na furta cewa na yafe. Ban taɓa jin kalmar da ta yi mini ɗaci a baki kamar wannan ba.

Bai dawo Kalgo ba. Shagonsa yanzu mai sayar da takin zamani ne a ciki. Netwok ɗinmu na gudu yadda nake so, ɗalibai sun daina tsaki. Shuɗiyar wayar tana nan a rami na goma sha bakwai, na bar shi a buɗe tun ranar da na dawo daga Gwandu. Kowace safiya in na kunna wuta fitilu kan kama ɗaya bayan ɗaya, ni kuma sai na tsaya na duba wannan, ko da yake na san ba kowa a ɗaya bakin.