Kawu Labbo da Jif ɗin Alhaji

Ku da kuka san Kawu Labbo, bakaniken nan na Sabon Garin Jega, kun san bai taɓa gaida mai mota ba sai ya fara gaida ƙasan motar. Kana miƙa masa hannu, shi ya riga ya durƙusa yana leƙe. In ya ga ɗigon baƙin mai sai ya dangwala da yatsa, ya shinshina, sannan ya ɗago ya ce, "Ina kwana? Kai dai ka kwana lahiya, ita ko ba ta kwana ba."

Ranar ɗaurin aurena a Karaye shi ne wakilina, don ƙanen mahaifiyata ne kuma shi ya riƙe ni. Liman ya ce, "Ina wakilin ango?" Babu shi. Aka bazama nema, sai ga ƙafafunsa biyu sun leƙo daga ƙarƙashin motar baban amarya. Na ce, "Kawu, don girman Allah, kai aka jira!" Ya ce, "Umaru, ɗiyar ba ta tsiyayewa. Wagga ko tana tsiyayewa." Da baƙin mai a babbar riga ya karɓa mini aure!

Ga shi da ƙin gam. Fakin, wato takardar nan mai kauri da ake sa wa tsakanin ƙarfe da ƙarfe don kada mai ya fita, ba ya sayen yankakke. Shi zai ɗora takarda a bakin ƙarfe, ya bi ta da 'yar guduma, ƙwas-ƙwas-ƙwas, har ta fita daidai. Ragowar kuwa ko kamar farce take sai ya adana a gwangwanin madara. Wani direba ya taɓa cewa, "Malam Labbo, shafa mata gam in wuce." Kawu ya ce, "Kai in cikinka na zawo, wando kaka ƙarawa?"

Amma babban labarin shi ne na jif. Da aka ba mu jihar Kebbi, kowane mai kuɗi ya wayi gari ɗan kwangila. Maigidana, wani alhajin albasa a Aliero, ba zan kama suna ba, 'ya'yansa na zaune cikinku, ya sayo jif na hannu, ni ke tuƙa shi. Ƙato, baƙi, sai sheƙi. Sai dai duk inda muka tsaya sai ya bar wa masu wurin shaidar baƙin mai a ƙasa. Alhaji ya fara cewa maƙiya ne, ya sa aka ɗaure laya a cikin inji. Mai bai daina ƙarewa ba, sai zargi ya dawo kaina, wai ni ke tsiyaya ina sayarwa. Ya ce in na kai shi Birnin Kebbi ranar Litinin in ajiye masa makulli. Ga matata da tsohon ciki.

Ranar Litinin ɗin da safe na yi ta maza na karkata kan mota garejin Kawu, Alhaji na baya yana faɗa. Kawu ya buɗe inji, ya tsince layar ya miƙa masa da hannu biyu, ya shige ƙasa ya sauke kwanon mai. Fakin ya ruɓe, wani ya lafta gam kamar yaɓen ɗaki, noti uku babu su. Ya ɗora kwanon a gaban Alhaji ya ce, "Ga maƙiyanka nan, Alhaji. Ɗana bai sha maka mai ba, hanyar Aliero ta shanye."

Alhaji ya ce, "To liƙe maza, ƙarfe sha ɗaya aka jirana!"

"Ba ni liƙi. Sai na kankare, na wanke, na yanka sabo. Gobe."

"Ka san ko ni wane ne?"

"Awo. Kai a mai motar da ba ta da kwano."

Kawu ya jefa sauran notunan a aljihu ya tafi shan fura. Wallahi a gaban motar albasa Alhaji ya shiga Birnin Kebbi, da rigar shadda da turarensa! Direban motar ya ce da suka isa, mai gadin ofis bai tambayi sana'ar Alhaji ba, warin albasa ya riga ya faɗa masa.

Kashegari jif ya tashi, ƙasa fes. Kawu ya hana makulli sai da Alhaji ya dube ni gaban jama'a ya ce, "Umaru, yi haƙuri." Na tuƙa shi shekara tara bayan nan.

Da ciwo ya kwantar da Kawu, ya ce a shimfiɗa masa tabarma a zaure don ya riƙa jin motocin hanyar Maiyama. In wata ta wuce ya ji ƙararta ba daidai ba, sai ya buɗe ido ya ce, "Ku tsai da waccan, da mutane ciki." Ranar da motoci suka yi ta wucewa bai ce komai ba, ranar muka san tafiya ta zo.

Allah ya jiƙan Kawu Labbo, ya yafe masa kaifin bakinsa, ya saka masa da riƙon marayan da ya yi. Allah ya sa can ta fi masa nan. Amin.