Tafiyar Da Baba Ya Kai Mu A Gan Mu

Ina bakin aiki a Ilupeju, a nan Ikko, wata Talata da hantsi, ƙanena Sani ya kira ni. Ko sallama bai yi ba. Ya ce, "Anti Rabi, ki zo gida. Baba ya rasu." Na yi salati, na cire rigar aiki, na fita neman danfo, motar hayarmu ta Ikko. A cikin cunkoson hanyar Agege ban yi kuka ba. Gajiya ce ta sauko mini, kuma abin da ya fara faɗo mini a rai shi ne kumburarrun ƙafafun Baba a bakin titin Mokwa, bara war haka.

Mahaifinmu Alhaji Garba a Agege aka haife shi, a nan ya yi fataucin goro har ƙarfinsa ya ƙare, a nan kuma aka binne shi bayan la'asar ɗin ranar. Mutum ne mai taurin kai, ba zan ɓoye ba don ya rasu. Amma ba a taɓa yin rasuwa a unguwarmu aka riga shi zama a tabarma ba. Yakan ce, "Waya murya take kaiwa, ba ta kai fuska."

Mahaifinsa ya baro wani ƙauye a bayan Funtuwa tun yana saurayi, bai sake komawa ba. Mu kuwa, sunan ƙauyen kawai muka sani. Bara, bayan ciwon suga ya fara cin ƙarfinsa, Baba ya tara mu ya ce za mu je, a tsohuwar motarsa, shi da Mama da ni da Sani. Na ce, "Baba, ejo, don Allah ka dubi jikinka. Wa ya san mu a can?" Ya ce, "Shi ya sa za mu je. Oya, a shirya."

Kwana uku muka yi a hanya. An cika bayan mota da goro da manja da garin kwaki da biredin Agege, har Mama ta rasa inda za ta miƙe ƙafa. Sani ke tuƙi, Baba na gefensa yana gyara masa tuƙin, shi da ya shekara biyar bai riƙe sitiyari ba. Ba ya yarda a wuce sallah, ba ya yarda a yi tafiya bayan magariba, kuma ba ya kwana a otal. Duk garin da muka sauka, unguwar Hausawa yake nema, ya yi sallama a gidan wani tsohon abokin fatauci. A Ilori muka kwana ranar farko, ni da Mama a ɗakin matan da ba mu taɓa gani ba.

Rana ta biyu ce ta kusa kashe mu. Bayan gadar Jebba, wajen Mokwa, manyan motoci suka toshe hanya, rana ta buɗe, motarmu ta ɗauki zafi. Muka fito da Baba ya zauna a kan darduma a inuwar wata tirela. Da na cire masa takalmi na ga ƙafafun, raina ya ɓaci. Na ce mu juya. Ya dube ni ya ce, "Rabi, gajiyar da aka yi don mutane ba ta zama ciwo." Na ce a raina, ga ciwon nan ina gani da idona.

Mun isa ƙauyen rana ta uku da azahar, biredin nan duk ya lotse ya yi funfuna. Aka nuna mana gidan Baffa Idi, ɗan ƙanen kakanmu, wani dogon tsoho mara yawan magana. Sani ya ga babba, sai ya zube rub da ciki a gabansa, yadda muka taso muna gani a Ikko. Mutanen ƙofar gida suka fashe da dariya, wani ya ce, "Yarabawa ne suka zo." Abin ya yi mini zafi. A Ikko a ce mana 'yan Arewa, mun zo Arewa an ce mana Yarabawa.

Baba ya jero sunayen kakanni har Baffa Idi ya gane shi. Amma fuskarsa ba ta saki ba. Sai ya ce, "To, maganar gonar ubanka ce ta kawo ku?" Baba ya ce, "Yaya, ba gona na zo nema ba. 'Ya'yana na kawo ka gan su. Ranar da na mutu, ina son wani daga gidan nan ya je ya zauna musu a tabarma, kada a ce ba su da kowa." Baffa Idi ya ce Allah ya kai mu da rai da lafiya. Iyakar abin da ya ce ke nan. Aka ba mu tuwo, muka kwana ɗaya, muka juyo.

A hanyar dawowa na faɗa wa Baba maganar da har yau take cina. Na ce ya wahalar da mu kwana shida a titi saboda mutumin da ya ɗauke mu ɓarayin gona. Baba ya juya ya ci gaba da kallon hanya, kuma ban taɓa ba shi haƙuri ba.

Da ya rasu, Sani ya aika saƙo ƙauyen don sauke nauyi kawai. Maƙwabta sun zo, 'yan kasuwar goro sun zo, Yarabawan layinmu sun yi ta kawo abinci. Ranar sadakar uku da safe, ina rarraba waina, sai Mama ta riƙe hannuna. Wani dogon tsoho ne ke saukowa daga okada, da 'yar jaka da ƙunshin gero. Kwana biyu ya yi a motar haya, shi da bai taɓa wuce Kaduna ba. Ya cire takalmi da ƙyar, ƙafafunsa a kumbure. Ya zauna a tabarma kusa da Sani, aka tambaye shi daga ina. Ya ce, "Daga gidansu. Ni ne ubansu yanzu."

A nan ne kukan da na riƙe kwana uku ya ƙwace mini.

Baba, ka fi ni gaskiya, ka yafe mini. Allah ya jiƙanka, ya hutar da ƙafafun nan da suka sha hanya saboda mu, ya yalwata maka kabari, ya sa Aljanna ce masaukinka. Allah ya ba Mama haƙurin zama a ɗakin da babu kai. Allah ya mai da Baffa Idi gida lafiya, mu kuma ya ba mu ƙarfin bin hanyar nan duk ranar da tasu tabarmar ta buƙace mu. Amin.